Baba Mai Akwati da Hoton da Muka Rasa

Baban mijina ya rasu wata Litinin da hantsi a gidansa na Makera, yana zaune a kujerar da ya ƙera da hannunsa, watanni kaɗan bayan sojoji sun sake komawa bariki. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa sai godiya. Ni matar babban ɗansa ce. Yadi nake sayarwa a kasuwar Sabon Tasha, kuma duk wanda ya san ni ya san baki ne sana'ata ta biyu, rubutu bai dame ni ba. Amma na ga an fara kwashe rumfar makoki, an mayar da bencunan coci wurinsu, sai tsoro ya kama ni kada a wayi gari jikokinsa su san shi da suna kawai. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Na je zaman makoki da yawa a garin nan, ban taɓa zuwa wanda aka sha dariya kamar na Baba ba. Mutum zai shigo da fuskar ta'aziyya, ya durƙusa gaban Mama, wato uwar mijina, ya ce, "Sannu Mama, ya haƙuri?" Daga nan sai ya zaro wani tsohon hoto daga aljihu ko cikin jaka, shi ke nan zaman ya lalace.

Wata dattijuwa daga zumuntar mata ta ɗaga nata sama ta ce, "Ku dube ni nan! Ƙuda ya sauka a hancina tun farko, Baba ya ce in na kore shi zan fito ba hannu. Haka na tsaya ƙudan nan yana yawo a fuskata. Ga ni da hannuna biyu, ƙudan ne bai fito ba."

Wani tsohon abokin aikinsa na masaƙar Kakuri ya zo da nasa a cikin gilashi. Sabon kekensa ya fito tas, har wayoyin ƙafa ana iya ƙirgawa, shi kuwa mai keken daga wuya zuwa sama hayaƙi ne kawai, don atishawa ta kama shi. Ya ce shekara da shekaru hoton na rataye a falonsa, baƙi na tambaya wane ne, yana cewa keken ne ya je ɗaukar hoto, shi rakiya ya yi. Yana faɗa yana dariya yana share hawaye da hula.

Ranar Talata da rana mijina ya dawo daga wurin mai buga takardun jana'iza. Asabar za a binne Baba, kuma a wurinmu ba a raba takardar jana'iza ba fuskar mamaci a bangonta. Mai bugawa ya ce a kawo hoto kafin azahar ɗin Alhamis, in ba haka ba zai buga da giciye kawai. Na ce, "Haba, wannan ma abin magana ne? A gidan mai hoto?" Na tashi da ƙarfina na shiga ɗakin Baba, na sauke kwalaye bakwai.

Rabin Makera na cikin kwalayen nan. Amare, masu gyaran keke, 'yan kwaya masu waƙar coci, mahauta, ma'aikatan masaƙa da rigar aiki, har da wata akuya da ta yi barci a inuwa ta fito fiye da mai ita. Na duba ɗaya bayan ɗaya har bayana ya ƙage. Baba babu shi ko a guda.

Sai na bayyana yadda abin yake, don wanda bai san akwatin Baba ba zai ce ƙarya nake yi. Baba kafinta ne a masaƙa har ya yi ritaya. Kamararsa kuwa akwatin katako ce da ya haɗa da kansa, girmanta ya kai kwalin sabulu, ba gilashi ba maɓalli. Ya shafe cikinta da baƙin fentin allon makaranta, ya toshe kowace kusurwa da tsumman bargo. A gaba ya yanka 'yar taga, ya manna faifan gwangwanin madara, ya huda tsakiyarsa da allurar keken ɗinkin Mama. Hudar nan ita ce duk aikin. Yakan yi yini guda a kanta, ya taɓa da bakin allura, ya goge da samfefa, ya ɗaga wa rana, ya ce ba ta yi zagaye ba, ya jefar ya yanko wani gwangwanin. Mama ta ce akwai shekarar da suka sha madara ba don suna so ba.

A bayan akwatin yake zura fim, irin babban nan na hoton ƙashi na asibiti, faɗinsa kamar littafin ɗan firamare, a cikin wani siririn gida na katako mai murfin zugewa. Ya kafa akwatin a kan ƙafa uku, ya ɗora dutse a kai saboda iska, ya rataya hularsa a kan hudar. In ya cire hula, hoto ya fara. In ya mayar, ya ƙare. Wanki kuma a banɗakin tsakar gida yake yi, da rana tsaka, ya rufe ƙofa da bargo biyu, ya kunna tocila da ya naɗe da jar leda. Duk wanda ciki ya murɗa a lokacin sai ya nemi maƙwabta.

Ba ya yarda a ce yana ɗaukar hoto. "Me na ɗauka? Na ɗauki wani abu naki? Rana ce ke rubuta ki, ni ƙofa kawai nake buɗe mata." Kuma tunda rana ba ta da saurin hannu, dole ka tsaya cik har ta gama. Wanda ya motsa ya zama hayaƙi. Wanda ya ratsa ta gaba da sauri kuwa ko alamarsa ba za a gani ba.

Baba bai taɓa ɗaura agogo ba. Da waƙar coci yake auna lokaci, guda ɗaya tak, ita ce dai kullum. In rana ta buɗe sosai, baiti ɗaya. A ƙarƙashin mangwaro, uku. In hadari ya rufe, shida, alhali waƙar baiti huɗu gare ta, sai ya koma ya maimaita biyu. Muryarsa kuwa, Allah ya gafarta mini, ba ta da daɗi ko kaɗan. Sau biyu 'yan kwaya suna roƙonsa ya koma cikin jama'a. To ka tsaya a gabansa, an hana ka motsi, an hana ka dariya, ga tsoho ya rungume hula yana kwarara waƙa ido a rufe. Hotuna da yawa dariya ce ta kashe su.

Alhaji maƙwabcinsu, mai sayar da katako, shi ya fi kowa daɗewa a rumfar makoki, kuma shi ya ba mu labarin rigimarsu. Da ya dawo daga Makka ya so hoto da alkyabbarsa, amma ya ce ba zai tsaya ƙiƙam a rera masa waƙar coci a ka ba. Baba ya ce to shi ma bai iya auna rana da wani abu ba. Sati biyu suna gaisuwa sama-sama. Ran nan sai ga Baba a rumfar katako, ya ce, "Alhaji, ɗauko carbinka. Ka ja yadda ka saba, ni zan yi tawa a zuci." Suka gwada sau uku, suka gano zagaye ɗaya na carbin Alhaji daidai yake da baiti biyu. Tun daga nan Musulmin unguwa da carbi ake auna musu, wanda ke gaban akwati ya ɓoye hannu a cikin riga yana ja, in ya kai ƙarshe ya yi gyaran murya. Alhaji ya ce, "Sai dai ni ya cuce ni. Ya ce ina sauri in na ga abokin ciniki."

Duk wannan daɗin labari bai ba ni hoto ba. Laraba ta yi, na bi dangi gida-gida, daga Kakuri har Kamazou, na ce kowa ya fito da hotunan biki. Baba ya halarci kowane biki, amma ya tsani kamara mai walƙiya. Yakan ce wannan fizge ce, mutum bai shirya fuskarsa ba an wafce. Da ya ga mai hoto ya ɗaga hannu sai ya juya baya. Na samo ƙeyarsa a biki biyar. Na samo kunnensa na hagu a bikin ƙanwar mijina. Katin aikinsa na masaƙa kuwa, Mama ta wanke shi a aljihun wando tun da daɗewa, sai hula da wuyan riga suka rage, tsakiya fari fat.

Raina ya ɓaci, na zauna a bakin rijiya ina faɗa da mamaci. Na ce, "Baba, ka kyauta ke nan? Kowa ka ba shi fuskarsa, mu ka bar mu da ƙeya?" Ai da yana nan da ya ba ni amsa, don mun saba. Shekara ashirin yana kirana Amarya, har na aurar da 'ya. Farkon zuwana gidan ya tsayar da ni gaban akwati sau huɗu, sau huɗu bakina na fitowa a goge. Na ce akwatinsa ne ba shi da kyau, a situdiyo ƙiftawar ido ake yi an gama. Ya ce, "Amarya, akwatina lafiyarsa ƙalau. Bakinki ne bai taɓa yin baiti ɗaya a rufe ba." Na yi fushi na kwana biyu ban kai masa kunu ba. A na uku ya aiko a ce mini kunun Mama ba tsami, in yi wa Allah in dawo.

A zaune nan bakin rijiya na tuna abin da ya yi wa mahaifiyata. Ta zo daga ƙauyenmu na Filato jinya, tsufa ya sa kanta yana rawa ba ya tsayawa. Ta ce tana so ta bar wa jikoki hoto, amma ta ji an ce akwatin suruki ba ya son mai motsi, don haka kada a wahalar da bawan Allah. Baba ya miƙe. Ya shiga rumfar aikinsa, ya fito da kujera da ya kafa wa wani katako a baya, mai lanƙwasa daidai ƙeya, ya naɗe shi da tsumma mai laushi. Ya ce mata wai sabon yayi ne, duk manyan mata haka suke zama yanzu. Ya gyara mata ɗankwali ya rufe katakon, ya jira rana ta take sosai don baiti ɗaya ya isa. Ta fito zaune daram, kai a miƙe. Har ta rasu tana faɗa wa mutane cewa a Kaduna an ɗauke ta hoton manyan mata.

Da yammar Laraba aka yi taron dangi. Wani ya ce a nemo mai zane. Wata gwaggo ta ce ai Baba Ƙarami, ƙanen marigayi, kamarsu ɗaya, a sa nasa hoton, wa zai gane? Baba Ƙarami ya miƙe tsaye da sandarsa ya ce, "Ni? A raba fuskata a coci an rubuta sai mun sadu? Ku bari in mutu tukuna, ba na son na aro!" Aka kwashe da dariya har da Fasto. Mijina ne kawai bai yi ba. Ya ce a bar shi, a buga da giciyen. Na dubi fuskarsa na ga abin ya ci shi ƙwarai, don shi ne babba, kuma shi za a ce ya binne ubansa ba fuska.

Mama tana zaune a tabarma duk wannan lokaci tana jin mu.

Alhamis da safe ina dama kunu ta leƙo ta ce, "Amarya, zo." Ta ja ni ɗakinta ta tura ƙofa. Ta buɗe akwatin ƙarfenta na aure, ta dinga fitar da zannuwa har ta kai ƙasa, ta zaro wani abu a naɗe cikin tsohon ɗankwali, a kife. Ta miƙo mini ba ta kalla ba.

Ina juyawa na ga hoto ne, na kuma gane ranar. Shekara ashirin ke nan, ranar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki a wancan karon. Ina amarya wata biyu. Ba aiki a masaƙa, kowa na gida, rediyo na ta faman surutu a kan taga. Baba ya ce yau ranar tarihi ce, gida duka a fito. Aka jera benci a jikin bangon bulo na tsakar gida, Mama a tsakiya, mu a gefe. Hadari ya rufe gari, ya dubi sama ya ce shida.

Mama ta ce shida wa? Tana da wake a wuta. Ita dama ba ta taɓa fita a hoton mijinta ba, don ba ta iya zama. Ko ta tuna tukunya, ko ta hango kaza a kan shanya, ko ta juya ta tsawata wa wani. Duk hotunanta na gidan nan zane ne da ɗankwali da hayaƙi a tsakani.

Ya cire hula ya fara. Baiti na ɗaya, na biyu. Yana gama na biyun sai muka ji shiru. Ba dama mu juya kai, da wutsiyar ido na ga Baba ya taho da sauri, ya zagaya bayan benci, ya tsaya a bayan Mama, ya ɗora hannunsa a kafaɗarta. A gaban 'ya'ya, a gaban suruka! Mutanen da ko sunan juna ba sa kira. Mama ta sandare. Ni kuwa dariya ta taso mini har wuya, na danne ta da ƙyar, ina jin ƙanwar mijina tana rawar jiki a gefena. Ya yi tsayuwarsa yana ƙirga waƙar a zuci, can ya zame ya koma, ya ƙarasa baitin ƙarshe da ƙarfi, ya mayar da hula. Mama ta tashi ta shige kicin. Washegari da muka tambayi hoton, Baba ya ce ya ƙone a wanki.

Ashe bai ƙone ba. Ga mu nan reras, ga ni da kumatu a kumbure. Ga Mama, fuskarta ta fito tas, ido a buɗe, kyakkyawa, ban taɓa ganinta haka a takarda ba. A bayanta ga Baba, kai ba hula, sanƙo na sheƙi, yana murmushin wanda ya yi ɓarna ya san ba abin da za a yi masa. Sai dai da yake rabin lokacin kawai ya tsaya, rana ta riga ta rubuta bangon kafin ya zo. Ana ganin fuskarsa sarai, ana kuma ganin layin bulo ta cikin ƙirjinsa.

Mama ta ce, "Da ya fito da shi daga banɗaki yana murna, na duba na ga bango ta cikin mutum. Na ce wannan ai hoton wanda ya tafi ne. Na ƙwace, har da baƙin fim ɗin. Ya yi bayani, ya yi bayani, wai lissafin haske ne. Na ce ya riƙe lissafinsa. Muddin ina numfashi ba za a rataya wannan a gidana ba, kada a kira abin da ba a shirya ba."

Na ce, "Mama, shekara ashirin?"

Ta ce, "To ba ga shi ya zauna mini shekara ashirin ɗin ba?"

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun. Na fita da gudu na kira mijina. Ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya goge ido da bayan hannu, ya ce Baba ke nan, ba shakka. Sannan hankalin ɗan boko ya dawo masa. Ya ce mai bugawa zai iya yanko Baba shi kaɗai, ya cike ƙirjin da baƙin tawada ya zama kamar kwat, don kada mutane su yi ta magana.

Mama ta ce, "Kai, kawo nan." Ta karɓe ta damƙa mini. "Amarya, ke za ki kai, ke ce mai baki. Ki ce masa kada ya cike komai, haka mai shi ya yi abinsa. Sauran yara ya yanke su in ya ga dama. Amma kada ya yanke ni. Hannunsa na kafaɗata, in aka cire ni a kan me zai dafa?"

Na isa wurin mai bugawa kafin azahar, na faɗa masa saƙon ba ragi. Ya ce shi tunda yake bai taɓa sa mai rai a bangon takardar jana'iza ba. Na ce to yau zai fara, kuma ban bar shagon ba sai da na ga na farko ya fito daga inji.

Ranar Asabar coci ya cika har waje. Ana raba takardar ina jin ƙus-ƙus yana bin layi, wasu na nuna bulo, wasu na toshe baki. Tsofaffin abokansa na masaƙa kuwa kallo ɗaya suka yi suka gane abin da ya aikata, ɗaya ya ce da ƙarfi, "Ya shiga da gudu ne!" Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa, ya ninke tasa a hankali ya sa a aljihun gaba.

Da za a fita da akwatin gawa, dattijuwar nan ta zumuntar mata ta matso kusa da Mama, ina riƙe da hannunta ɗaya, ta ce ƙasa-ƙasa, "Mama, ba kya tsoro? Wanda bai sani ba ai sai ya ɗauka ku biyu za a binne."

Mama ta dubi takardar, ta yi 'yar dariya ta ce, "Ku bar shi ya dafa ni zuwa bakin kabari. Daga can na san hanyar gida."

Baba, Ubangiji ya ba ka hutawa a wurin da haske ba ya ƙarewa. Mun raka ka, mun dawo. Mama ta iso gida lafiya.